Abin da Sammani Bai Faɗa Ba

Duk wanda ya yi noman rani a layinmu, tsakanin Kura da Bunkure, kafin shekarar 2006, ya san Malam Baballe, kuma ya san Sammani, ko da yake ɗaya ne kawai a cikinsu ya taɓa taka ƙasa. Baballe shi ne mai rabon ruwa a ƙaramin kanal ɗin da ke shayar da gonaki ashirin da uku, har da tamu. Sammani kuwa mutumin cikin littafi ne, wani tsoho mai fito a wani tsohon labari da ake karanta wa 'yan firamare a zamanin da. Mu ba ma kiran littafin da sunansa, littafin Sammani kawai muke cewa.

Ni sunana Suhaibu, malamin firamare ne, kuma ni na rufe wa Baballe baki. Shi ya sa nake ganin ni ya fi dacewa in ba da labarinsa.

An haifi Baballe tun ba a yi dam ba, lokacin da ƙasar nan gero da dawa kawai take bayarwa, da an gama kaka maza su watse neman abin yi. Da aka buɗe firamare aka ce kowace unguwa ta ba da yaro, sai aka ba da shi, don shi ne ba a ganin zai yi wani ƙarfin noma. Malaminsu, Malam Dalhatu mutumin Madobi, yana da wata al'ada: duk ranar Alhamis, kafin a tashi, sai ya zauna a kan tebur ya karanta musu shafi uku ko huɗu na littafin nan. Labari ne na wani saurayi mai zafin kai da ya bar gida ya shiga duniya, da tsohon da ke haye da mutane kogi yana kwantar musu da hankali. Sauran yara saurayin suke so. Baballe shi tsohon ne ya shiga ransa.

Yana aji huɗu mahaifinsa ya rasu, aka cire shi daga makaranta aka miƙa masa fartanya. Karatun littafin bai wuce rabi ba a lokacin. Daga nan bai sake zama a aji ba, kuma abin da ya rage masa na boko bai wuce ya karanta sunansa da rubutun jikin buhun taki ba.

Da aka zo aikin kanal ya shiga lebura. Ya ɗauki kwanon kankare a ka shekara uku, har ƙarar injin kwaɓa kankaren ta taɓa masa kunnen hagu, shi ya sa in kana masa magana yake karkato da kai. Da aka sake yanka ƙasa aka ba shi eka ɗaya da rabi a tsakiyar layi. Ya auri Tambaya, suka haifi 'ya'ya mata uku. Gajere ne, ba jiki, kullum da tsohon kekensa da shebur ɗaure a baya. In ka gan shi a kasuwar Kura ba za ka sake waiwayarsa ba.

Ba wani ofis ne ya naɗa shi rabon ruwa ba. Mahaifina, Iliyasu, wanda abokinsa ne, ya sha ba mu labarin yadda abin ya fara. Wata rana wasu manoma biyu suka tsaya a bakin kanal, kowa da fartanya a sama, ana ta ba su baki sun ƙi ji. Sai Baballe ya jingine kekensa ya ce, "Sammani ya ce in kana fushi kada ka tsaya a cikin jirgi. Zauna ka yi fushinka."

Aka ce, "Wane ne kuma Sammani?"

Ya ce, "Na littafi ne. Ku zauna in gaya muku."

Dariya ta kama mutane, su ma masu faɗan suka sauke hannu. Kafin ya gama ba su labarin mai fito, an raba ranakun ruwa a tsakaninsu. Tun daga ranar duk rigimar da ta taso sai a ce a kira Baballe a ji me Sammani ya ce.

Kuma Sammani ba ya rasa abin cewa. In an cika hayaniya a taro, "Sammani ya ce a fara tambayar wanda bai yi magana ba." In wani ya kawo ƙarar wani ba shaida, "Sammani ya ce, ban ce kai maƙaryaci ba ne, na ce dai ban gani ba." In aka fara tono tsohon rikici ana tsakiyar aiki, "Sammani ya ce kowa ya zauna inda na ajiye shi, in mun haye a yi faɗan." Har kan taki da maganin feshi Sammani yana da ra'ayi. Mun taso muna jin waɗannan maganganu kamar yadda muke jin ƙarar ruwa, ba mu taɓa tambayar inda suka fito ba.

A ƙarshen layinmu akwai gonar Titus, mutumin wajen Kagoro da ya zo ƙwadago ya zauna, daga baya ya karɓi hayar eka ɗaya. Na ƙarshen layi kullum shi ke shan wahala, don kafin ruwa ya kai gare shi kowa ya ɗiba. Baballe ya yi masa dabara: ya sa ranar ruwansa ta zama Juma'a da rana. A lokacin duk mun tafi masallaci, ba mai tare ruwa a hanya, sai ya gangara da ƙarfinsa har gonar Titus. Wasu suka yi gunaguni, suka ce an fifita baƙo. Baballe ya ce, "Sammani ya ce na ƙarshen layi ma baki ɗaya Allah ya ba shi, irin na na farko." Maganar ta mutu a nan.

Ni na fara ganin littafin da idona a 2001, ina karatun koyarwa a Kumbotso. Na ɗauko shi a laburare da ɗoki, na zauna na karanta shi a yini biyu. Sai na ga Sammani bai fito ba sai a wurare biyar, kuma duk maganarsa ba ta cika shafi biyu ba. Maganar zama a cikin jirgi tana nan. Ta "ban gani ba" tana nan. Ta hayewa kafin faɗa tana nan. Sauran duk babu.

Da na zo hutu na gaya wa Iya, mahaifiyata, ina dariya. Tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba, ta ce, "To me ya dame ka? Maganar ta taɓa cutar wani?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To ka bar ta a cikinka."

Na bar ta a cikina shekara huɗu. In Baballe ya ce Sammani ya ce, sai in sunkuyar da kai in yi murmushi, ina jin na san wani abu da duk ƙauyen ba su sani ba.

A 2005 na karɓi gonar mahaifina, wanda ya rasu shekara biyu kafin nan. Da safe ina aji, da yamma ina gona. Baballe ya same ni tun farkon kaka ya ce, "Suhaibu, ruwanka Laraba ne da safe, kai kuma kana makaranta. Ka zo mu nemi wanda za ku yi musaya." Na ce masa zan iya, kada ya damu. Ban so a ce ɗan boko ya kasa abin da ubansa ya yi shekara talatin yana yi.

A wannan shekarar ruwa ya yi ƙaranci, ciyawa da laka sun cinye rabin babban kanal. Mako biyu bayan ƙaramar Sallah, ranar Larabar da ruwa yake nawa, masu duba makarantu suka zo mana ba sanarwa. Ban fita ba sai bayan Azahar, na tarar ruwa ya wuce ga na gaba. Tumatir ɗina da na dasa kwana tara ya fara sunkuyar da kai. Da na je wurin Baballe da ya nemo mini awa ɗaya a wurin wani, na sani. Ban je ba.

Ranar Juma'a na yi wanka na sa babbar riga na hau keke zan tafi masallaci. A bakin titi na ga Titus a bayan ɗan acaɓa, matarsa Paulina a wani babur ɗin, ta rungume 'yarsu Linda da aka lulluɓe da zani, sun nufi asibiti a Kura. Ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Na yi gaba kaɗan, sai na taka birki.

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na juya na bi ta bayan gonaki, na cire babbar rigar na rataye a jikin dogon yaro, na naɗe wando. Ruwa yana tafiya a kanal cike, ba kowa. Na jawo buhun ƙasa biyu na tare shi, na fasa bakin gonata. Ina tsaye a cikin laka ina jin huɗuba daga lasifikar masallaci, iska tana kawo ta tana mayarwa. Na shayar da fangali bayan fangali har awa biyu. Da na ga mutane sun kusa dawowa na janye buhunan, na toshe bakin, na wanke ƙafa na mayar da riga. Abin da ya rage na lokacin Titus bai kai ya jiƙa ko bakin gonarsa ba.

Abin da ban sani ba, ko kuma ban tsaya na tambayi kaina ba, shi ne Titus ranar Alhamis da yamma ya gama dashe, ya bar bakin gonarsa a buɗe don ruwan Juma'a ya shiga ko ba ya nan. Kafin Lahadi rana ta ƙone dashen, ya kwanta kamar an zuba masa ruwan zafi.

Aka taru ranar Lahadi bayan La'asar a gindin mangwaron da ke kan kanal. Titus ya yi magana a hankali, hularsa a hannu. Ya ce shi bai zo da zargin kowa ba, yarinya ta samu sauƙi, amma iri ya ƙare masa, kuma bai san ta inda zai fara ba. Aka fara 'yan rantse-rantse, kowa yana faɗin sahun da ya yi salla.

Baballe ya riga ya bi layin tun da safe daga farko har ƙarshe. Ya bari aka gama, sannan ya ce, "Sammani ya ce, ni ban ga wanda ya yi ba, amma na ga gonar da ta ƙoshi."

Bai dube ni ba. Ƙasa yake kallo yana wasa da wani tsinke. Amma duk wanda ke wurin ta gefen gonata ya biyo, kuma ya ga yadda tumatir ɗin da ya yi yaushi ranar Alhamis ya miƙe ya yi kore shar. Ba wanda ya kama suna. Baballe ya ce kowa ya kawo ragowar irin da yake da shi a ba Titus, kuma mutum huɗu su yafe masa rabin awa a cikin makon. Na yi sauri na ce zan ba da iri mafi yawa, sai na ji wani ya yi tari a bayana, wasu suka yi ƙasa da kai suna danne dariya.

Kafin mako ya zagayo maganar ta kai ko'ina. A shagon mai shayi wani ya ce, "Malam, an ce yanzu a gona ake Juma'a." A makaranta na shiga aji shida na tarar an rubuta "ƙoshi" a allo. Da a ce hankalina yana jikina da na tafi wurin Titus na faɗi gaskiya a wuce wurin. Maimakon haka sai duk haushina ya koma kan Baballe. Na riƙa gaya wa kaina cewa tsohon da bai gama firamare ba ya tozarta ni a gaban jama'a da maganar da ya ƙirƙira. Wata Asabar na shiga Kano na yi ta yawo wurin masu sayar da tsofaffin littattafai har na samu littafin. Na saye shi na ajiye ina jira.

Ranar da nake jira ta zo a watan Janairu, ranar gayyar yasar kanal. Duk 'yan layin suna nan, har da samari. Da rana ta take aka fito daga laka aka zauna cin ɗanwake. Sai gardama ta tashi kan wani da ya sayi injin ban ruwa yana so ya riƙa ja daga kanal a ranar da ba tasa ba. Baballe ya goge hannu ya ce, "Sammani ya ce injin hannu ne mai tsawo, kuma tsawon hannu ba ya ƙara wa mutum rabo."

Na ce, "Baba, a wane shafi ya faɗi haka?"

Ya karkato da kunnensa mai ji. "Na'am?"

Na zaro littafin daga aljihun rigata da ke rataye. Na ɗaga shi yadda kowa zai gani. Na ce, "Ga littafin Sammani. Ina so a nuna mini inda ya yi maganar injin."

Na buɗe na karanta musu duk inda Sammani ya buɗe baki a rabin farko, da muryar da nake karanta wa yara. Bai ɗauke ni minti goma ba. Na rufe na ce, "Babu injin a nan. Babu taki. Babu ƙarshen layi. Babu gonar da ta ƙoshi. Shekara ashirin da wani abu ana yanke mana hukunci da maganar da ba wanda ya faɗe ta."

Wani dattijo ya ce, "Suhaibu, ya isa."

Na ce, "Gaskiya na faɗa. Wanda ya iya karatu ya zo ya duba."

Baballe ya miƙo hannu biyu. Na ba shi littafin. Ya juya shi gaba da baya, ya buɗe ya tsaya a kan wani zane na mutum a cikin jirgi da sanda. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar mini, da hannu biyu kamar yadda ya karɓa, ya ce, "Malam ya fi ni sani. Shi ya karanta." Ya ɗauki sheburinsa ya sauka cikin kanal shi kaɗai ya ci gaba da kwasar laka, mu duk muna zaune.

Samari suka yi dariya, ba duka ba. Na zaci zan ji sanyi a raina, amma ban ji ba.

Mako na gaba Baballe ya kai wa mai unguwa makullin ƙofar ruwa, ya ce kunnensa ya ƙara lalacewa, a nemi wani. Aka je aka ba shi baki ya ƙi. Aka ba wani daga cikin na farkon layi, mutum ne ba mugu ba, amma ba ya iya cewa ɗan'uwansa a'a. Cikin wata ɗaya tsarin ya wargaje. Mai injin ya kafa injinsa, wasu biyu suka sayo nasu. Aka ce ranar Juma'a ta Titus ba adalci ba ce, tunda dama a kan maganar ƙarya aka kafa ta, aka mayar da shi Litinin. Ruwa ya daina kai masa. A watan Maris wasu 'yan wa da ƙani suka kaure a bakin kanal, aka karya wa ɗaya hannu da shebur, magana ta kai ga 'yan sanda. Da aka cire amfanin shekarar Titus ya mayar wa mai gona gonarsa, ya kwashe iyalinsa suka koma wajen Garun Malam.

Iya ta yi kwana goma ba ta amsa mini gaisuwa sai da kai. Ranar da ta buɗe baki cewa ta yi, "Shekarar da ubanka ya rasu kana makaranta, wa kake zaton ya yi mana ban ruwa har aka tsinke tumatir? Ka taɓa tambaya?" Ban taɓa tambaya ba.

Duk da haka sai da na yi wata bakwai kafin ƙafata ta kai ni gidansa. A tsawon lokacin in na hango kekensa sai in sauya hanya. Shi ma ya daina zama a majalisa, daga gona sai masallaci sai gida.

Na same shi a zaure wata Alhamis da yamma, damina ta yi nisa, yana gyaran kwandunan tumatir. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya turo mini buzu. Na kasa zama a kai, na zauna a ƙasa.

Na ce, "Baba, ni na tare ruwan Titus."

Ya ce, "Na sani."

"Me ya sa ba ka kama sunana ba?"

"Da na kama da ka musa. Da an matsa maka da ka rantse. Ban so ka haɗa abu biyu a kanka ba." Ya ja zaren kwandon ya ɗaure. "Amma abin da na faɗa ma ya yi yawa. Kamata ya yi in same ka kai kaɗai. Na so mutane su ce Baballe ya iya magana."

Na ce masa ya yafe mini abin da na yi ranar gayya. Na ce maganganun nan ko ba sa cikin littafi masu kyau ne, sun fi na littafin ma.

Ya girgiza kai. "Kada ka gyara mini ita, Suhaibu. Ƙarya ce. Na ce wani ya faɗi abin da bai faɗa ba. Ni ma kunya ce ta hana ni fita, ba fushi ba."

Ya ajiye kwandon ya gaya mini yadda aka yi. Ya ce da farko abin da ya ji daga bakin Malam Dalhatu kawai yake maimaitawa, guda uku ko huɗu ne. Wata rana aka yi taro kan gyaran wata magudana, ya ba da shawara da bakinsa, ba wanda ya ko juyo. Lebura ne, wa zai saurare shi. Washegari ya sake faɗin maganar, ya sa Sammani a gaba, aka ce wallahi tsohon nan na littafi akwai hankali, aka yi aiki da ita.

Ya ce, "Tun ina sanin wadda na ƙara har na daina sani. In na rufe ido muryar Malam Dalhatu nake ji yana karanta su duka. Ranar nan da ka buɗe littafin, wallahi na zaci za ka samu ta ƙarshen layi a ciki."

Daga cikin gida Tambaya ta aiko da kunu. Can ya ce, "Littafin yana nan?"

Na ce yana nan.

"An cire ni daga makaranta saurayin nan yana kurkuku a wani gari. Shekara arba'in ban san ko ya fito ba."

Na riƙa zuwa duk Alhamis bayan La'asar ina karanta masa daga inda aka tsaya masa, har mako biyar. Yakan zauna ya juyo mini kunnen dama, hannunsa a kan gwiwa kamar ɗan aji. Tambaya takan zauna daga bayan labule, wani lokaci ta ce a maimaita wani wuri. Saurayin ya fito daga kurkuku, ya yi arziki, ya yi asara, ya kamo hanyar gida. Duk tsawon wannan ba Sammani. Baballe yakan tambaya, "Har yanzu Sammani bai fito ba?" In ce da saura. Sai a shafi na biyun ƙarshe saurayin ya iso bakin kogi, tsohon ya dube shi ya ce, "Ka dawo? Shigo, amma ka zauna a tsakiya."

Baballe ya jira. Na ce shi ke nan.

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Tambaya ta leƙo da kofin ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Ashe bawan Allah ba shi da surutu. Ni na ɗora masa."

Da zan tafi ranar ya riƙe mini keke ya ce, "Ni mun gama da kai. Saura Titus. Garun Malam ba nisa." Na ce in sha Allahu cikin makon nan.

Ban je ba. Abin da na yi shi ne, a taron farkon noman rani na miƙe na ce a roƙi Baballe ya dawo, na ce na yi kuskure a yadda na yi masa magana. Ban ce komai a kan ruwan Juma'a ba. Wani ya ce, "Kai ka ce mana ƙarya ne, yanzu kuma ka ce mu koma?" Na zauna. Ko da sun yarda ma ba na jin zai karɓa. Ya ci gaba da noma ekarsa ɗaya da rabi, in ruwa ya zo ya sha, in bai zo ba ya koma gida. In aka tambaye shi shawara a ɗaiɗaiku yakan bayar, da bakinsa, a taƙaice. Wasu su ɗauka, wasu su bari.

Ya rasu a watan Agusta na 2008 bayan jinyar kwana shida. An yi jama'a fiye da yadda na zata, har daga Bunkure da Kadawa. Ranar uku ina zaune a ƙofar gida cikin masu karɓar gaisuwa sai ga Titus. Ya rame, furfura ta fito masa. Ya cire takalmi ya durƙusa ya yi wa dattawa ta'aziyya, ya ce a gaya wa Mama Tambaya Paulina tana gaishe ta, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa. Da ya tashi na ce zan raka shi titi.

Muka wuce gonakin shinkafa. Da muka kusa titi na tsaya na ce, "Baban Linda, ranar da ka kai yarinya asibiti, ni na tare maka ruwa. Ka yafe mini."

Ya dube ni, sannan ya dubi hanya. Ya ce, "Shekara uku ke nan fa, Malam."

Na ce haka ne.

"Da a makon nan ka zo, da na ji daɗi ƙwarai. Na yi ta sa ido, ina cewa Malam zai zo." Ya gyara hularsa. "Yanzu kuma na gode. Na yafe."

Na tambaye shi aiki, ya ce yana ƙwadago a gonar wani Alhaji, Paulina tana sayar da abinci a bakin kasuwar tumatir, Linda ta shiga sakandare. Shi kuma ya tambaye ni wa ke noma gonar tasa ta da. Na ce ba kowa da rani, sai da damina mai ita yake zuba masara. Ya gyaɗa kai.

Wata motar haya ta tsaya, ya shiga baya ya matsa wa wata mata mai buhun albasa. Na ce ya gaida gida. Ya ce za su ji. Na koma wurin zaman makoki na tarar an fara addu'a, na nemi gefen tabarma na zauna.